Faratan Hannun Dama

Sana'ar da na fara yi a Ibadan yankan farce ce. Na sauka a Sabo, unguwar Hausawa, da takardar gama sakandare a cikin leda, ina ganin kafin wata ya mutu na sami aikin ofis, sai ga shi ofishin da ke jirana ƙafafun mutane ne. Kawuna, wan mahaifiyata, ya daɗe a garin yana wannan sana'a, shi ya sauke ni a shagon da yake haya a ƙofar gidan wata Hajiya mai tuwon sayarwa. Washegari ya miƙo mini almakashi da 'yar aska da soso da kwalbar ruwan sabulu, ya ce in biyo shi. Raina bai so ba, amma ban ga fuskar gardama ba, na bi shi.

Mai yankan farce ba ya talla da baki. Almakashi yake kaɗawa yana tafe, kyas-kyas-kyas, kuma kowa da irin kiɗansa, yadda mai shago zai gane mutuminsa ne ke wucewa ba sai ya ɗaga kai ba. Na Kawu a hankali yake, kamar yadda yake yin komai. Shi ya koya mini ƙa'idar aikin: a yi bismilla, a fara da hannun dama, a tattara abin da aka yanke a binne, kada a bar wa kaji. Kawu mutum ne da ba ya iya ganin farce ya yi tsawo hannunsa bai tafi aljihu ba. Ko a sahun salla na sha kama shi yana satar kallon ƙafafun na kusa da shi.

Ni kuwa tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Mahaifiyata kan ce da ƙaiƙayi a tafin ƙafa aka haife ni. Kawu yana da layukansa da ba ya wucewa, daga bakin masallaci zuwa wajen masu canji, ya juyo. Ni ba na iya haka. In na zaga Sabo sau ɗaya sai in ji unguwar ta matse ni. Wata rana in hau mota har kasuwar Shasha in yi fama da ƙafafun 'yan dako, wata rana in tsallaka titi in hau Mokola, in yi ta kutsawa lungunan da ban san inda za su fitar da ni ba. A irin wannan yawon ne wani tsoho Bayarabe ya yafito ni daga barandar wani gida da rufinsa ya ci tsatsa.

"Aboki, zo mana," ya ce, da karyayyiyar Hausar da ya koya tun yana yaro wajen mahautan Sabo.

Na tsuguna, na yi bismilla, na kama hannunsa na dama. Kafin in buɗe almakashi ya fizge hannun kamar na ɗana masa wuta.

"No touch am. Wannan ba naka ba ne. Ga naka." Ya miƙo mini na hagu.

Sai a lokacin na duba da kyau. Faratan hagun gajeru ne, ɗan tsiro kawai suka yi. Na daman kuwa dogaye ne, kowanne an goge shi ya ɗan karkata gefe guda, suna sheƙi. Na ga mata masu tara farce, na ga samari masu barin na ƙaramin yatsa don yanga, amma ban taɓa ganin dattijo mai furfura da hannu ɗaya na mutane ɗaya na shaho ba. Bakina ba ya iya shiru, na tambaye shi dalili. Sai da na gama da hagun, sannan ya shiga ɗaki yana jan ƙafa, ya fito da jita.

Ba irin ta 'yan coci ba ce mai wayar ƙarfe da ake jona wa lantarki. Wannan ba ta da nauyi, launinta na zuma, wasu tsirkiyoyinta kamar zaren kamun kifi. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kwantar da ita a cinya, ya yarfa yatsun dama a kan tsirkiyoyin kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. Sautin ya cika barandar har wata akuya da ke kwance a gindin matakala ta miƙe. Amma tsufa ya ci hannun, bai yi nisa ba ya tsaya, ya yi tsaki.

"Wannan ba komai ba ne. Ni ɗan kwaikwayo ne. Zauna ka ji mai abin."

Ya jawo wata tsohuwar rediyo ya sa kaset. Da farko jita ce kaɗai, tana tafiya a hankali kamar mai neman hanya, can sai ta kwasa da gudu, gudun da na rantse mutum uku ne ke kaɗawa. Baba, don haka na riƙa kiransa daga ranar, ya ɗaga mini yatsa ɗaya: mutum guda ne. Sai tafi ya shigo ta inda kunnena bai yi tsammani ba, wani mawaƙi mai disasshiyar murya ya ja dogon kuka, da ba ka san daga ina ya fito ba sai ka ce ladanin ƙauye ne aka yi wa rasuwa. Tsigar jikina ta tashi. Na saba da kalangu da garaya da kukuma tun a gida, ina kuma son su, amma su ko dai su tashe ka rawa ko su zaunar da kai. Wannan bai bar ni na yi ko ɗaya ba. Abin nan da ke hana ni zama shi na ji wani ya kama ya mayar da shi sauti. Ban tashi ba sai da na jiyo kiran la'asar daga Sabo.

Filamenko ake ce wa kiɗan, in ji Baba, daga kudancin Sifen yake, yankin da ake kira Andalus. Sunan ya ƙara kama ni, don malaminmu na Islamiyya ya sha ba mu labarin Andalus da malamanta, ni dai na ɗauka a cikin littafi ta ƙare, ban san da mutane a can suna kuka da jita ba. Baba ya yi aikin jirgin ruwa na dakon kaya da ƙuruciyarsa. A wata tashar jiragen can ya fara jin kiɗan, ya sayi jitar, ya dawo gida da ita da kuma ciwon da bai warke ba. Ya faɗa mini sunan makaɗin da ke cikin kaset ɗin, harshena ya ƙi kama shi, sai muka daidaita a kan mutumin Andalus.

Na mayar da barandar nan wurin zuwana. Ina goge masa faratan dama da takarda mai yashi irin ta kafintoci, yadda ya nuna mini, shi kuma yana ba ni labarin mutumin Andalus ɗin gutsure-gutsure. Ɗan talakawa ne. Ubansa ma da jita yake neman abinci, shi ya zaunar da shi tun yana ƙarami, yana kaɗawa daga safe har yamma, tsararrakinsa na waje suna wasa. Ya tashi da kunya. Asali ma waƙa ya so yi, kunyar ta hana shi buɗe baki, sai ya ɓuya a bayan jita. A da mai jita a baya yake zama, yana yi wa mawaƙi da mai rawa hidima. Shi yana cikin waɗanda suka jawo ta gaba, har duniya ta zauna don ta saurare ta ita kaɗai. Ya shigo da baƙin abubuwa, har da wani akwatin katako da ake zama a kai ana bugawa, dattawan kiɗan suka ce ya ɓata gado, daga baya kusan kowa ya bi shi. Duk da haka, in ji Baba, da wuya ya ji abin da ya kaɗa ya gamsu. Ya rasu ba zato, nesa da gida, a bakin teku, yana cikin wasa da ɗansa.

Rashin gamsuwar nan ta fi komai tsaya mini. Na ce ashe akwai wanda ya kai can bai kuma sami zama ba. Wani zai ji haka ya karaya. Ni daɗi na ji, kamar na gamu da ɗan garinmu a tasha.

Ranar da na roƙe shi ya koya mini, Baba ya kama hannuna na dama ya juya shi, ya dubi faratan da na bi har nama kamar yadda ya dace da ɗan sana'a.

"Hannu mai sanƙo ba ya filamenko," ya ce. "Yau za mu fara da hagu. Daman kuwa sai ka bar shi ya tsiro. Kuma ka yi sauri, small small amma ka yi sauri. In damina ta wuce 'yata za ta zo ta kwashe ni zuwa Legas, ƙafafun nan sun ƙi. Gidanta bene ne, ba a son ƙara. Akwai wani gajeren kiɗa da zan ba ka. In ka kaɗa mini shi daga farko har ƙarshe kafin in tafi, jita ta zauna a Ibadan. In ba ka iya ba, ta bi ni ta mutu a saman kabad."

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so jitar nan ba, kuma ban taɓa tsoron rasa abu haka ba. Sai dai farce ba ya jin gaggawa. Ni da na yi watanni ina yanke na mutane ina mamakin saurin fitowarsu, da na zauna jiran nawa sai suka yi kamar an ɗaure su. In duba da asuba, in duba a cikin keke mai ƙafa uku, in duba ina tsaka da ƙafar wani. Yatsun hagu kuwa tsirkiya ta yi musu kanta, suna zogi in na kama almakashi. Baba ya ce in daina kallon faratan, ba da ido suke girma ba.

Kawu bai san komai ba. Mu ba gidan kiɗa ba ne, a garinmu kiɗa gadon maroƙa ne, kuma ya yi wa mahaifiyata alkawarin ba zai bar ni in lalace a kudu ba. Da na ce masa ina zuwa gidan wani tsohon ma'aikacin jirgi, wanda ba Musulmi ba, ina koyon jita, washegari zai sa ni a motar gida. Saboda haka na ja bakina na tsuke, na sa hannu a aljihu.

To amma hannun dama ba abin ɓoyewa ba ne wurin Bahaushe. Da shi ake gaisawa, da shi ake karɓa, da shi ake cin tuwo, ga shi kwano ɗaya muke haɗawa da Kawu. Na koyi dunƙule yatsu in zan kai loma. Na yakushi wani dattijo wajen musabaha a ƙofar masallaci, ya bi ni da kallo har na sha kwana. Wani mai canji da na saba yi wa aiki ya dubi hannun da ke riƙe da ƙafarsa, ya janye ƙafar, ya ce in kira masa Kawu. Ita kuwa Hajiya mai tuwo, haifaffiyar Sabo ce, ba abin da ke wuce idonta. Na miƙa hannu zan karɓi kwano a zaure, ta riƙe kwanon.

"Ah ah, ɗan nan, me zan gani? Wanzami ba ya son jarfa, ko? Kana yanke na duniya, ka bar naka kamar na kaza. Ko wata ce ta ce haka take so?"

Na yi dariya na ce mantuwa ce, Hajiya.

"Mantuwa mai zaɓen hannu," ta ce, ta sakar mini kwanon.

Abin bai tsaya a farce ba. Filamenko yana da wani ƙirge na sha biyu, kuma nauyin bugun yana faɗowa a wuraren da kunnenmu bai saba ba. Baba na tafa mini ina kaucewa, yana cewa ina gudu kamar an biyo ni. Na ɗauki ƙirgen na sa a diddige, na sa a cinya, na sa a bakin benci, daga ƙarshe ya shiga almakashina ban sani ba. Mutanena suka daina gane ni. Sai in wuce ƙofar shagon wanda na saba yi wa aiki bai ɗago ba, don abin da ya ji ba kiɗana ba ne. Ciniki ya ja baya, ni ko a jikina. Ina tafe ina ƙirge, leɓena na motsi, har okada, wato ɗan acaɓa, ya kusa kwashe ni a bakin titin Mokola.

Kawu yana gani. Wata Juma'a da safe muna haɗa kayan aiki, ya ce, "Miƙo hannun nan."

Na ce ai zan yi da kaina, Kawu.

"Kwana arba'in aka ba farce, ɗan nan, kai ka wuce. Ka kuwa san wanda ke kwana a ƙarƙashinsa."

Na ce to, na kwashi kayana na fice, ban dawo ba sai bayan magariba. Bai sake tayar da maganar ba, amma na lura ya fara tofa mini addu'a a ruwan sha, na kuma ji shi da Hajiya suna ƙus-ƙus a zaure. Daga baya na sami labarin hukuncin da suka yanke. Yaro ya rame, ba ya zama, yana magana shi kaɗai, ya saki tsafta, kullum yana tsallaka titi zuwa inda ba a sani ba. Ba mace ba ce, in ji Hajiya, da mace ce da wanka zai ƙara. Iska ce ta taɓa shi.

A can baranda kuwa abu ya fara kama hanya. Faratan suka kai, Baba ya goge mini su da kansa. Ranar da na fara jin sauti ya fito tas daga ƙarƙashin yatsana, mai kaifi, sai da na ajiye jitar na zaga gidan na dawo. Gajeren kiɗan da ya ba ni na iya rabinsa da kyau. A rabi na biyu akwai wurin da yatsu biyu ke gangarowa da gudu, nan nake tuntuɓe kullum, amma kowace rana tuntuɓen na raguwa. Ruwan sama ya fara ja da baya, kwalaye suka fara taruwa a ɗakin Baba. Ya ce 'yarsa ta yi waya, ran Asabar ta sama za ta zo da mota.

A cikin makon ne zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Kawu, wanda ban taɓa ganin ya fasa fita ba, ya ajiye kayan aiki ya zauna a kaina. Ya kai ni kemis aka ba ni magani, ya riƙa goge mini jiki da jiƙaƙƙen tsumma, Hajiya ta aiko da kunu. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Rufin kwano yana juyawa, ƙirgen nan yana bugawa a kaina ya ƙi tsayawa, ga wani hannu mai sanyi riƙe da nawa. Na ji daɗin riƙon nan ƙwarai, na ɗauka mahaifiyata ce.

Na farka da rana tsaka, gumi ya jiƙa tabarma, kaina wasai. Na kai hannu zan sosa wuya, na ji babu abin susa. Na ɗaga hannun na duba. Ban taɓa ganin yankan farce mai kyau irin wannan ba, har yau kuma ban gani ba. Kowane yatsa an bi shi daidai da nama, an kankare gefe, an wanke. Kawu na zaune a bakin ƙofa yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ina yankewa zazzaɓin ya fara sauka. Na binne su da nisa, ba za su sake damunka ba."

Na so in yi ihu, muryata ba ta da ƙarfi. Kuka ne ya zo, irin na ƙato, mara kyan gani. A cikin kukan na faɗa masa komai, da barandar, da Baba, da jitar, da Asabar ɗin da saura kwana biyu ta zo. Na jira faɗa, na ma so ya yi faɗan don in sami inda zan sauke fushina. Kawu bai yi ba. Ya dubi hannuna, ya dubi almakashinsa a gefen tabarma.

"Ashe aiki kake yi da su," ya ce. "Da na san kayan aiki ne da ban taɓa ba." Sannan ya ƙara, "Kiɗa dai ba na so, ba kuma zan so ba. Amma na ɓata wa mutum alkawari. Sai in je in faɗa masa da bakina."

Washegari da aka sauko daga masallacin Juma'a bai tuɓe babbar rigarsa ba. Muka hau keke, don ƙafafuna ba su dawo daidai ba. Muka tarar da Baba a baranda a tsakiyar kwalaye. Kawu ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe shi da Yarabancin kasuwa.

"E kaasan, Baba."

"Sannu, Malam. Kai ne uban wannan mara zama?"

"Kawunsa ne." Ya kamo hannuna ya buɗe shi a gaban tsohon. "Ni na yanke. Yana kwance bai sani ba. Na ɗauka ciwo ne."

Baba ya kusantar da hannun ga idonsa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Kai, aikin ya yi kyau," ya ce, sai dariya ta kama shi har ta koma tari. Da ta lafa ya miƙo mini jitar, ya ce in kaɗa.

Na kaɗa. Sautin ya fito a dushe, kamar mai magana da matashi a baki. Naman yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, in na yarfa hannu babu abin da ke cizo. Na lallaɓa na wuce rabin farko, na zo gangaren nan na faɗi. Na koma baya na sake faɗuwa. Na sake komawa, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Na ce, Baba, ka ba ni wata guda, za su fito.

"Na sani, omo mi, ɗana," ya ce. "Farce yana dawowa. Ni ne ba zan dawo ba."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

"Alkawari alkawari ne," in ji Baba. "Ba ka kaɗa ba, ba zan ba ka ba." Ya karɓi jitar daga hannuna. Sai ya juya wajen Kawu. "Malam, ku Hausawa kuna da wata kalma, amana. Ka riƙe mini wannan. In faratansa sun fito ya kaɗa maka. Ranar da ka ji ya iya, ka ba shi. Kafin nan tawa ce, a hannunka."

"Baba, ni ban san kan wannan abu ba."

"Kai ka yanke, kai za ka saurara."

Kawu ya duba dama ya duba hagu, bai ga mafita ba. Mutumin da ya zo neman afuwa da ƙafarsa ba ya cewa a'a in an ba shi ajiya. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

A hanya na ce ya kawo in ɗauka, ya ce ba ni aka ba ba. Ya tuɓe babbar rigar ya naɗe jitar, wuyanta ya ƙi ɓuya. Haka muka shiga Sabo bayan la'asar, lokacin da kowa ke zaune a ƙofar shago. Masu canji suka bi shi da ido, mai shayi ya tsaya da kofi a sama, wani ya ce, "Malam, yau kuma ina ake biki?" Kawu bai waiwaya ba, ya ce amana ce. Na san abin da tafiyar nan ta ci masa, mutumin da ya yi shekaru yana tsare mutuncinsa a unguwar. Fushin da nake yi da shi a nan ya ƙare, kunyarsa ta maye gurbin.

Baba ya tafi ran Asabar. Kawu ya kafa ƙusa a saman shimfiɗarsa ya rataye jitar. Kullum bayan la'asar sai ya sauko da ita ya ara mini, ya tura ƙofa, ya zauna da carbi yana sauraro da fuskar mai shan magani. In an kira magariba ya karɓe. Bai sake taɓa hannuna na dama ba, in mutane suka yi magana ya ce kayan aikin yaron ne. Faratan suka fito. Wata rana na gangara wurin nan ban faɗi ba, na kai kiɗan har ƙarshe, na ɗago ina haki.

"Ni ban sani ba ko iyawar ke nan," in ji Kawu. "Bari a tambayi mai ita."

Na kira 'yar Baba a waya don in kaɗa masa ya ji. Ta ce yana asibiti, ba ya iya magana, in bari ya sami sauƙi. Na yi ta kira. Kiran da ta ɗauka daga baya ta ce an binne shi makon da ya wuce.

Da na faɗa wa Kawu, ya ce Allah Sarki, ya daɗe yana kallon ƙusar. "Yanzu wa zai sauke mini wannan nauyi?"

Na ce, Kawu, ai ka ji na kaɗa har ƙarshe.

"Na ji ka kaɗa. Shi cewa ya yi sai na ji ka iya. Ni kuwa ban san yadda iyawa take ba a wannan abin." Ya yi ɗan tunani. "Shi mutumin naku na Andalus, akwai shi a wayarka?"

Na nemo masa wani bidiyon mutumin. Kawu ya riƙe wayar nesa da ido, ya zuba wa hannun mutumin ido tun daga farko. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya kalla har aka yi tafi, aka gama. Ya miƙo mini wayar, ya dube ni da tausayi.

"To ai da sauranka, ɗan nan," ya ce. Ya tashi ya mayar da jitar kan ƙusa.

Na bar yankan farce tuntuni, ina koyarwa a wata firamare, na yi aure na kama ɗaki a layin baya. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya daina fita aiki. Jitar har yau ta Baba ce. In na taso daga makaranta nakan biya da la'asar in ara.